Ɗigo Uku, Ruwa Ɗaya

Rigimar ta fara ne ranar da wani direban babbar mota ya hau benen ofishin taswira riƙe da jarka wayam. Leɓensa ya tsattsage, idonsa ya yi ja, kuma ko kallon masinjan da ke tare shi bai yi ba. Ya dire jarkar a kan teburin Malam Ɗigo, ya shimfiɗa taswirar da ofishin ke sayarwa, ya dangwala yatsa a tsakiyar hamada.

"Malam, don girman Allah, cikin ukun nan wanne ne ruwan?"

Malam Ɗigo shi ne babban mai zane a ofishin, mutum ne gajere mai tsabta, wanda yakan ɓata rabin yini yana gyara ɗigo ɗaya da bakin alƙalami, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Ya gyara tabarau ya dubi inda yatsan yake, alhali ko idonsa a rufe ya san wurin. Ɗigo uku ne shuɗaye, kowanne da tazara mai yawa tsakaninsa da ɗan'uwansa, kowanne kuma an rubuta masa "idon ruwa" a gefe.

"Ai duka ukun suna da tarihi," in ji shi.

"Tarihi zan zuba wa mota? Na je biyu daga ciki, yashi na tarar. Da ba don wata mota ta biyo ba, da yanzu ni ma na zama tarihi."

Gaskiyar magana, duk wanda ke ofishin ya san idon ruwa ɗaya ne tak a wannan yanki, ɗigon ne dai suka yi yawa. Na farko na wani ma'aikacin safiyo ne da ake kira Dogo, wanda ya shiga hamadar tun zamanin da ake auna ƙasa da sarƙa da kamfas. Bayan wasu shekaru abokin aikinsa, kuma abokin gabarsa, wanda ake kira Gajere, ya tafi ya dawo ya ce Dogo ya yi mafarki ne, shi ne ya gano ruwan gaske, ya buga nasa ɗigon can gabas. Daga baya wani Mai Lofe ya je ya dawo ya ce dukansu biyun rana ce ta buge su, ya sa nasa a kudu.

To ofishin nan yana da al'adu biyu da ba a rubuta a ko'ina ba, amma sun fi dokar da aka rubuta ƙarfi. Ta farko, duk wanda ya fara sa ruwa a taswira, ana rataye hotonsa a bangon matattakala, kowa ya wuce ya gan shi. Wanda ya je ya tabbatar da ruwan wani kuwa, sannu kawai ake yi masa. Ta biyu, ba a goge alamar wanda ya riga ka aiki, ko da a tsakiyar teku ya zana rijiya. Haka aka yi ta buga taswirar shekara da shekaru, hotuna uku a bango, ɗigo uku a hamada, kowa na ganin ladabi ne.

Sabuwar Darakta, wadda ba a ofishin ta tashi ba, ba ta ga ladabin ba. Ta ji hayaniya ta fito, ta saurari direban, ta sa aka ba shi ruwa mai sanyi, sannan ta juyo.

"Malam Ɗigo, za a ba ka mota da direba da na'urar nuna wuri. Ka je ka gani da idonka. Sabuwar taswira ɗigo ɗaya nake so a kanta."

"Ranki ya daɗe, sauran biyun fa?"

"Ka goge su."

Masinja ya dafe ƙirji. Malam Ɗigo ya ce to, amma ba da son ransa ba, domin Gajere mahaifinsa ne. Kuma Dogo surukinsa ne.

Manya ne suka haɗa auren tun da daɗewa, wai don a kashe gabar da ke tsakanin gidajen biyu. Gabar ba ta mutu ba, ɗauko ta kawai aka yi daga ofis aka kawo ta falo. Ma'auratan suna zaune lafiya, sun aurar da 'ya'ya, ba wanda ya taɓa jin kansu a kan cefane ko dangi. Amma a ambaci ruwan nan, sai ka ga an ajiye cokali. Kullum Malam Ɗigo ne ke rufe gardamar da cewa shi ke riƙe da alƙalami, kuma a ɓoye yakan ɗan ƙara wa ɗigon mahaifinsa kauri duk lokacin da za a sake bugu.

Da ya faɗa wa matar tasa umarnin Darakta, tana wanke kofuna ne. Ta kashe famfo a hankali, ta goge hannu.

"Yaushe za mu tafi?"

"Mu? Maman yara, aikin ofis ne."

"Na sani. Kai ne alƙali, kai ne ɗan mai ƙara, kai ne mai alƙalami. Ni zan je a matsayin shaida."

"Hamada ce fa, ba gidan biki ba."

"Abbanmu ya je ya dawo. Jininsa ne a jikina."

Matarsa ba ita ce babbar damuwarsa ba. Damuwarsa tana ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda mahaifiyarsa, Inna, take zaune da rediyonta. Tsohuwa ce da ƙafa ta gaza, amma baki bai gaza ba. Duk baƙon da ya shigo gaishe ta, ko mai gyaran wuta ne, sai ya ji cewa mijinta ya gano ruwa a inda ko tsuntsu ba ya zuwa. Marigayin bai bar gida ba, bai bar gona ba, ɗigon nan da hoton nan su ne duk abin da ya bari. Malam Ɗigo ya tabbata in aka goge shi, tsohuwar ba za ta jure ba. Don haka ya ce mata taro za su a wani gari, ita kuma ta ce ya riƙa cin abinci.

Direban da ofis ya ba su ƙato ne mai fara'a, wanda bai taɓa barin kwalta ba a rayuwarsa. Ya cika bayan motar da burodi da kifin gwangwani kamar mai shirin buɗe kanti. Suka bi titi har ya ƙare, suka bi turba har ita ma ta gaji ta ƙare, daga nan sai fili, yashi da baƙaƙen duwatsu iyakar ganin ido. Malam Ɗigo na gaba, na'ura a hannun dama, taswira a cinya. Matarsa na baya da kwandonta da laima.

"Wanne za mu fara, Malam?" in ji direba.

"Na gabas."

"Amma kamar na yamman nan ya fi kusa."

"Bisa tsarin aiki, daga gabas ake farawa."

"Tun yaushe?" in ji matarsa daga baya.

"Tun da rana ta fara fitowa daga can."

Suka isa ɗigon Gajere da hantsi. Na'urar ta yi ƙara, alamar an zo. Malam Ɗigo ya fito ya gyara hula. Babu dutse, babu kwari, babu ko ciyawar da akuya za ta raina. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Ya zaga gabas, ya zaga yamma, ya durƙusa ya tona yashi da hannu har ya ƙone yatsu.

"Wataƙila ya ƙafe," ya ce.

"Wataƙila," in ji matarsa. Ta buɗe laima ta riƙe masa a ka, abin da ya fi zagi ciwo.

"Ko kuma yashi ya binne shi. Ko na'urar ce ba ta da lafiya. Kayan zamanin nan ba su da tabbas."

"Jiya ka ce ko allura ka yar za ta nuna maka."

Ya sa direba ya yi ta zagaye da mota, da'ira bayan da'ira, har lagireto ya fara tururi. Suka tsaya, direba ya buɗe gaban motar ya leƙa, ya dawo yana murmushin da ba na daɗi ba. Tiyo ya tsage. Ya ɗaure shi da tsumma da waya, ya ɗura jarka guda, motar ta shanye ta nemi ƙari.

Duk mai hankali a nan zai ce a nufi ɗigon da ya fi kusa. Malam Ɗigo yana da hankali, amma ya gwammace Mai Lofe, wanda bai haɗa komai da shi ba, ya yi gaskiya, da a ce surukinsa ne. Ya ce a yi kudu. Suka yi kudu, suna tafiya suna tsayawa suna shayar da mota. A ɗigon Mai Lofe suka tarar da tudun yashi guda da wata tsohuwar taya.

Rana ta take tsaka. Ruwan da ya rage bai kai rabin jarka ba, direba kuma ya rungume ta yana kallon lagireto yana kallon mutane, ya rasa wa zai ba. Sai yanzu ya gane kuskurensa na kifin gwangwani, domin duk wanda ya ci da safe harshensa ya zama kamar soso busasshe. Malam Ɗigo ya nemi yawun da zai haɗiya ya rasa. Ya tuna leɓen mutumin nan mai jarka, ya tuna ya ce masa "tarihi", kunya ta kama shi tare da tsoro.

"Baban yara," matarsa ta ce, muryarta ta dushe, "in ka kashe ni a nan don kada ka ga ruwan ubana, wallahi sai na riga ka zuwa lahira na faɗa wa su biyun."

"Direba," in ji shi, "yi yamma."

Motar ta yi ta tari tana tafiya. La'asar ta yi sanyi lokacin da wasu duwatsu suka taso a gabansu, da wata 'yar tsaga a tsakani wadda mota ba ta shiga. Na'urar ta yi ƙara daidai bakin tsagar, ba gaba ba baya. Suka bi ta da ƙafa. Iskar ciki ta sauya, ta yi ɗanshi, wasu ƙananan tsuntsaye suka tashi fir. A ƙarƙashin wani dutse da ya sunkuyo, cikin inuwa, ga ruwa kwance, kore-kore, faɗinsa bai fi ɗaki ba.

Direba ya yi kabbara ya faɗa ciki da takalminsa. Malam Ɗigo ya kwanta rub-da-ciki ya sha, ya sha, har hularsa ta faɗa ruwan. Bai taɓa shan abin da ya kai wannan daɗi ba, kuma bai taɓa jin haushin abin da yake sha kamar wannan ba. Ya jira matarsa ta fara. Ya shirya wa guɗa, ya shirya wa habaici. Ita kuwa ta wanke fuska, ta cika kofi ta sha a zaune, tana kallon bangon dutsen.

"Ga Abbanmu," ta ce a hankali.

An zana sunan Dogo a jikin dutsen da ƙusa, da shekarar zuwansa, can sama daidai inda hannun dogon mutum zai kai. Malam Ɗigo ya matsa don ya duba, a matsayinsa na ma'aikaci. Sai ya ga akwai wani rubutu a saman na Dogo, da 'yar tazara kamar faɗin tafin hannu. Ya san wannan rubutun. Da shi aka sa hannu a duk sakamakon jarrabawarsa na makaranta. Sunan mahaifinsa ne, har da jan layi biyu a ƙasa. Sama da shi kuma, har an kusa kai rufin dutsen, ga na Mai Lofe.

"Ikon Allah," in ji direba daga cikin ruwa. "Ashe duk sun zo. To Malam, marigayi ba gajere ba ne? Yaya aka yi ya kai can?"

Amsar tana gindin bangon. Tulin duwatsu ne da aka jera da kyau, manya a ƙasa, ƙanana a sama, har da matakala. Aikin ya ci rabin yini ko fiye.

Malam Ɗigo ya zauna a kan tulin. Ba kuskuren awo ba ne. Mahaifinsa ya zo nan, ya sha ruwan nan, ya karanta sunan Dogo da idonsa, ya yi ta jidar duwatsu cikin zafi don ya hau samansa. Sannan ya koma ofis ya tura ɗigon gabas, domin wanda ya tabbatar da ruwan wani sannu kawai ake yi masa. Mai Lofe ma ya zo ya ga su biyun ya yi abin da suka koya masa. Ya ji haushin uban nasa, ya kuma ji tausayinsa, domin ya hango shi sarai, ɗan mutum da gajeren wando yana nishi da dutse a kafaɗa.

Ya daɗe a zaune yana duban lambobin na'urar. Wata murya a ransa ta ce ai ruwan ba daidai bakin tsagar yake ba, yana ɗan ciki. In aka bi ƙa'ida sosai, ɗigon Dogo ma ya kauce kaɗan. Ana iya goge duka ukun a sa sabo, na huɗu, wanda babu wanda ya ci babu wanda ya faɗi. Kuma wanda ya sa sabon ɗigo, ai bango yana da sauran wuri.

"Baban yara."

"Na'am."

"Ina za ka kai dutsen nan?"

Ya dubi hannunsa. Bai san lokacin da ya tashi ba. Ga shi rungume da dutse ya nufi tulin, wata ƙusa da direba ya yar wajen gyaran mota tana aljihun rigarsa.

"Gyarawa zan yi, kada ya rushe."

"Ajiye."

Ya ajiye. Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, direba ya taya ta ba tare da ya san dalili ba, daga ƙarshe shi ma ya yi, ta dole, hawaye na biyo baya.

"Ni fa ba na son a cire hoton babanku," ta ce da ta sarara. "Ya zo ai. Ga shaida har da bene. Ɗigon kawai za ka cire, kada wani ya mutu a wancan farantin."

Ranar da ya koma ofis ya yi aikin da hannunsa. Ma'aikata suka taru a bayansa kamar masu kallon tiyata. Ya goge na Mai Lofe ba wuya. Da ya zo kan na gabas, wanda ya fi kowanne kauri saboda hidimar da ya sha, shi ma ya goge. Darakta ta duba ta ce madalla, ta koma ofishinta kamar ba a yi komai ba.

Saura Inna. Ya yi kwana da kwanaki yana wuce ƙofarta da sauri, har ta aika jikarta ta kira shi. Ya shiga ya durƙusa gefen gadon, ya rage muryar rediyo. Matarsa ta tsaya daga bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa, ko da za a buƙaci yayyafawa.

"Inna, ba taro muka je ba. Hamada muka je, wajen ruwan Baba."

Tsohuwar ta kafe shi da ido. "To?"

"Inda ya sa a taswira babu ruwa. Na baban Maman yara ne daidai. An sa ni na goge na Baba, na kuwa goge."

Ya sunkuyar da kai yana jiran kuka. 

"Na san za a rina," in ji ta daga baya, a gajiye. "Ai na daɗe ina jiran ranar."

"Amma ya je, Inna. Sunansa na nan a jikin dutsen, a bakin ruwan, da rubutun hannunsa. Sai da ya tara duwatsu ya hau don ya rubuta a saman na Dogo."

"Me ka ce?"

"Ya tara duwatsu..."

"A'a, kafin nan. Ya je?"

"Ya je."

"Har bakin ruwan? Da ƙafarsa?"

"Na zauna a kan duwatsun da ya jera, Inna."

Ta dafa gado ta miƙe zaune, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an taimaka mata. "Ya tara duwatsu ya hau," ta maimaita, sai dariya ta ƙwace mata. "Shi ne! Wallahi shi ne! Mutumin da ko hoto za a ɗauka sai ya nemi bulo." Ta yi dariya har ta sarƙe, matarsa ta ruga da kofin, tsohuwar ta ture shi.

"Ku ba ku sani ba. Mutumin nan ya dawo mini da riga wankakkiya, da guga, gashi a taje. Na ce wannan bai ga hamada ba, ya dai samu wani gari ya kwanta a inuwa har kwanakin suka cika. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk surutun da nake yi wa baƙi, asirinsa nake rufawa, don kada wani ya riga ni zargi."

"Inna, ai kin san shi da son tsabta. Ya tsaya a hanya ne ya yi wanki."

"Yanzu na sani."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta dubi hannayenta, sannan ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Ranar da ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce in ba shi ruwa ya sha. Na ce masa randa na can, ai ka saba gano ruwa." Ta share ido da gefen mayafi. "Ya tashi ya je ya ɗebo da kansa, bai ce mini komai ba."